Billen da Ya Koma Dama

Gwandu, 4 ga Rajab, 1343

Zuwa ga Kawu Sambo, a Kalgo.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali duka, kuma ƙafar nan taka ta yi sauƙi.

Bayan haka, na iso Gwandu lafiya, sai dai zuciyata ba ta huce ba. Har yanzu ina jin maganar mahaifin Ruƙayyatu a kunnena, da ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba a san gidan ubansa ba, kuma in azumi ya kama ban kawo dangin uba ba, in nemi wata. Wallahi Kawu, ba don ka riƙe mini hannu ba, da na faɗi abin da zan yi nadama.

Abin da nake da shi ka sani: sunan babana Umaru, da hoton ƙarfen nan da aka ɗauke shi a Zungeru sa'ad da ya je dakon kayan Turawa, wanda aka kawo wa marigayiya ƙanwarka tare da labarin rasuwarsa, tana da cikina. Kwana uku ina yawo da shi a kasuwa. Wasu su yi a'uziyya su kau da kai. Wata mai fura ta ce in rufe shi, mutumin yana kallonta! Yau dai wani tsohon wanzami ya duba da kyau, ya ce bille mai ɗan reshe irin wannan, gida ɗaya ya sani da shi, gidan Malam Abdulgani a Masama. Gobe zan kama hanya.

Ɗanka, Lawali.

Masama, 7 ga Rajab

Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne raina a ɓace. Na sami gidan. Malam Abdulgani ya amsa cewa yana da ƙane Umaru, wanda ya fita shekara ashirin da biyu ke nan, ba amo ba labari. Na miƙa masa hoton. Ya tara dattawan gidan, suka yi ta juya shi. Suka ce fuska dai ƙanƙanuwa ce, ba a rantsuwa a kanta, amma billen gidansu a kuncin hagu yake tun kaka da kakanni, na mutumin nan kuwa a dama. Ni kuma ga fuskata wayam, tunda ba uban da ya kira mini wanzami. Aka ba ni fura, aka yi mini addu'a, aka nuna mini hanya cikin mutunci.

Na yi kuka, Kawu, ba zan ɓoye maka ba. Amma ban tafi ba. Na sauka wurin wani maɗinki, ina taya shi aiki. Ka san taurin kaina, kai ka rene shi.

Lawali.

Masama, 10 ga Rajab

Kawuna,

Alhamdulillahi! Ina gaishe ka, ina gaida kowa, har waɗanda suka yi mini dariya.

Allurar da ka koya mini ita ta fisshe ni. Jiya da hantsi ina ɗinke aljihun wata babbar riga, hoton yana gefena, sai idona ya faɗa kan rigar da ke jikin babana. Aljihunta da aikin zarenta duk a dama! Kawu, kai da ka tsufa a ɗinki, ka taɓa ganin maɗinkin da ya sa aljihun riga a dama? Ko mahaukaci! Ashe ƙarfen ne ya juya komai, yadda ruwa ke juya fuskar mai leƙa shi.

Ko takalmi ban tsaya sawa ba. Na ari madubi, na shiga zauren Malam Abdulgani ina haki, na ce kowa ya dafa aljihun rigarsa. Duk suka dafa hagu. Sai na kara hoton a madubi. Aljihu ya dawo hagu, bille ya dawo hagu.

Aka kai hoton wurin Inno, tsohuwar da ta haifi Umaru. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce rigar nan da zarenta aka saƙa ta. Ta kama kunnuwana tana kuka tana dariya, wai manyan kunnuwan gidansu ne, da ma su ya kamata a fara dubawa. Baffa Abdulgani, haka nake kiransa yanzu, ya rungume ni ya nemi gafara. Ya lissafa mini kakanni har bakwai, na rubuta su duka. Ban taɓa jin daɗi irin na jiya ba.

Ka je wurin mahaifin Ruƙayyatu, ka gaishe shi da kyau, ka ce dangin uba ya nema, to suna tafe ranar Alhamis. Ya aro tabarmi, don mu goma sha tara ne. Inno ma ta rantse sai an ɗora ta a jaki.

Wassalam.

Ɗanka,
Lawali ɗan Umaru na Masama.