Mawaƙiyar Ta Bar Tsakiya

Thunder Bay, 9 ga Nuwamba

Darlene tawa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Yaya jikin 'yarmu Renata, yaya kwanan jaririya? Ki shafa mini kanta. Nan lafiya lau, sai sanyi da kewarki.

To, ki yi dariyarki: ɗaya daga cikin "akwatunan gawa" ya kwanta ciwo. Sifikokina nake nufi, waɗanda kika shekara arba'in kina mitar sun cinye miki rabin falo. Amma ke kika zaɓe su, kada ki musa. A shagon na nace sai masu girgiza ƙirji, ke kuwa kika sa aka ɗora faifan mawaƙiyar nan taki, kika rufe ido kika ce, "Orest, waɗannan. Ga matar nan tsaye a tsakiyarsu, kamar in miƙa mata shayi."

Yanzu matar ta bar tsakiya. Ta maƙale jikin na dama, na hagu kuwa sai gunaguni. Na ciccibe shi da ƙyar na kai wa Lorne mai gyara. Ya gwada, ya ce, "Tsoho, wannan ya fi ka lafiya, shi zai binne ka. Je ka musanya musu wuri. In laifinsa ne, shirun zai bi shi." Na ce masa bai san aikinsa ba. Gobe zan gwada don in kunyata shi.

Mijinki,
Orest

Thunder Bay, 27 ga Nuwamba

Darlene tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ki gafarce ni da shirun da na yi. Na rasa ta inda zan fara ne.

Na musanya wa sifikokin wuri. Shirun bai motsa daga hagu ba. Na canza waya, na aro amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, duk a banza. Da haushi ya ishe ni sai na juya kujera na ba su baya, faifan yana ci gaba da juyawa. Nan take wanda ke shiru ya ɗauki waƙa raɗau, ɗan'uwansa ya yi tsit. Ashe laifin kunnena ne, sai na nufi asibiti.

Likita ta ce jijiyar kunnen hagu ta mutu, na dama ma ya kama hanya. Injinan masana'antar takarda da na yi wa aiki ne suka biyo ni har gida bayan na yi ritaya. Na'urar ji za ta taimaka na ɗan lokaci, amma matar ba za ta koma tsakiya ba. Tsoro nake ji, Darlene, ban ɓoye miki ba.

Lorne ya ce yana da mai sayen sifikokin. Na kore shi. Jiya ma na shafe katakonsu da mai. Ko na kurumce, ke za ki zauna a kujerar ki gaya mini inda take tsaye.

Na san Renata tana bukatarki, amma ki dawo da wuri, ki zo da jaririyar in ji kukanta. Ki zo ki yi mini mitar falonki son ranki, ba zan tanka ba. Sai dai ki tsaya ta damana.

Naki har kullum,
Orest