Kanal ɗin da Hannuna Ya Haƙa

Kura, ranar Talata

Ƙawata Emmanuella,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yata Lahadi. Ya sanyin Jos? Kin tafi kin bar ni da sauron Kura, ban yafe ba. Direban motar tumatir na ba wa wasiƙar nan, don kin san gidanmu, in na ɗaga waya har kaji sai sun kasa kunne.

Na samu aiki irin wanda muka koya a makaranta. Kamfanin wani Alhaji Dalhatu ya sayi fili a hanyar Bunkure zai gina rukunin gidaje, suka ce in ƙera musu ƙaramin samfurin unguwar a kan katako, wanda za a nuna wa jama'a. Gidajen a Kano aka yo su, nawa tituna ne da abin da ke gefensu. Da kwali nake yin hanyar masu tafiya a ƙasa, in bi shi da reza layi-layi har ya fito kamar daɓen bulon intalok. Fitilun titi tsinken sakace ne, itatuwa soso da waya, ciyawa kuwa ɓuntun shinkafa na rina kore. Inna ta ce duk karatun nan ashe a wasan 'yartsana zai ƙare.

Abu ɗaya na gyara musu. A gefen yamma zanensu ya nuna faffaɗar hanyar ƙafa kawai, alhali ta nan ƙaramin kanal ɗin nan yake bi, wanda muke wanke ƙafa a ciki in mun taso daga makaranta, mai kai ruwa gonar Baba da ta maƙwabtansa. Na ce mai zanen ɗan birni ne, mantawa ya yi. Wa zai zana ƙasar nan babu hanyar ruwa? Sai na rage faɗin hanyar, na haƙa kanal ɗin, na zuba masa gam da shuɗin wanki, ya bushe yana ƙyalli. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba.

Ki gaishe mini da Mama, ki ce har yau ban ci gwate mai daɗin nata ba.

Taki,
Ni'imatullahi

Kura, ranar Asabar

Emma tawa,

Ina gaisuwa, ina fatan haƙoran Lahadi sun fito lafiya. Ni dai lafiyar jiki ce kawai da ni.

An nuna samfurin a ƙofar gidan dagaci. Ashe tun da daɗewa manoman da ke ƙasa da filin sun shigar da ƙorafi, suna tsoron a toshe musu ruwa, Baba ne ma shugabansu. Suka kewaye katakon suna leƙe. Da suka ga kanal yana sheƙi a wurinsa, sai fuskoki suka saki. Baba ya miƙe a gaban mutane ya ce 'yarsa ce ta yi wannan aiki da hannunta, kuma 'yarsa ba ta ƙarya, shi ya tsaya a kai. Ban taɓa jin ya yabe ni a bainar jama'a ba, har ƙwalla na yi. A ranar suka amince, washegari suka janye ƙorafin.

Muna mayar da katakon ofis ne Injiniya Isiyaku na kamfanin ya ja ni gefe, ya tambaye ni wa ya sa ni yin kanal. Na ce ai gyara na yi. Ya ce ba mantuwa ba ce. Cike shi za a yi, hanyar ƙafar nan a kansa za ta hau, shi ya sa ta yi faɗi haka.

Emma, ko tsayawa ban yi ba. Na je wurin Alhajin na ce a ba ni samfurin in gyara, a sake nunawa. Dariya ya yi, ya ce ai haka ya fi kyau, kuma shi bai ce wa kowa za a bar ruwa ba, zanensa yana nan yadda yake. Ya sa aka kife shi da gilas aka kulle. Kullum ina wuce shi a ofis, ina kallon abin da na yi, ba damar taɓawa.

In na yi shiru, gonaki sun bushe. In na yi magana, kamfani zai ce ni na yaudari mutane, kuma hannuna ne ya yi, ba zan musa ba. Aikin ma zai tafi, amma ba shi ke ci mini rai ba. Baba ne. Da wace fuska zai shiga masallaci? Jiya na kai masa tuwo, ya ce in zauna mu ci tare, na ce na ƙoshi na fito.

Ki saka ni a addu'a.

Taki,
Ni'ima

Kura, ranar Alhamis

Ƙawata,

Na gode da amsarki, Allah ya bar zumunci. Ki gaishe da kowa.

Kin ce in faɗa wa Baba. Bakina ya ƙi, sai na sa hannu ya yi. Na ƙera gefen yamman nan shi kaɗai a kan faranti, yadda zai zama a gaskiya, na ajiye a gabansa bayan La'asar. Ya daɗe yana kallo. Ya bi hanyar ƙafar da yatsa daga farko har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ta ina ruwan zai bi. Na ce babu.

Da ya mare ni da na fi jin sauƙi. Hularsa kawai ya ɗauka, ya rungumi farantin ya fita, ya hana ni binsa.

Manoman sun koma da sabon ƙorafi, an ce sai dai su bi layi, kuma motar ture ƙasa ta riga ta iso filin. Sun naɗa wani shugaban. Wasu ba sa amsa gaisuwar Baba, ni kuwa ko kasuwa ba na iya leƙawa. Kamfani sun sallame ni, a Kano ma an ce labarina ya riga ni zuwa. Ina ɗaki daga ni sai kwali.

Tun ranar bai yi mini magana ba sai yau da safe. Ya tsaya a bakin ƙofata, bai ko kalle ni ba. Ya ce in ina da sauran kayan aiki, yana so in ƙera masa gonarsa ƙarama, da kunyoyin albasar, da bishiyar mangwaron, da ruwan yana shiga. Ya ce in hanzarta, tun tana nan ana ganinta.

Gobe zan bi shi gona in auna.

Taki har kullum,
Ni'imatullahi