Oga na so Gwaggona ta yi wa Turawa ƙarya, ni ce kuma tafinta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara a kan abin da nake ciki.

Ni 'yar Anguwan Rogo ce a nan Jos, ina karatun digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa. Gwaggona ce ta riƙe ni tun ina ƙarama, tela ce. Tana da wata ƙawa Kirista, manomiya daga wajen Vom, zan kira ta Mama Kaneng, ba shi ne sunanta ba. Tun suna 'yan mata suka san juna a kasuwa, ko lokacin rikici da kowa ya maƙale a unguwarsa ba su yanke zumunci ba. Da korona ta zo aka kulle gari, bayanta mai ya yi tsada, taki ya gagari talaka, damina ta rikice, ga cutar dankali, sai su biyun suka jawo wasu matan. Na ƙauye su aiko dankalin Turawa da kabeji da acca, na gari su yi musu ɗinkin kayan makarantar yara, su aika sabulu da man gyaɗa, babu dillali a tsakani. Kashin kaji da toka ma a unguwarmu ake tarawa a buhu a kai musu gona. Ba su da suna, ba su da ofis, waya ce kawai sai wani mai Keke, wato adaidaita sahu, da ke kai da kawowa.

A kan wannan na yi bincikena, kuma sun saki jiki da ni saboda 'yarsu ce. Malamin da ke duba aikina, Oga muke ce masa, ya yaba sosai har na yi ta murna. Ashe yana da wata ƙungiya tasa. Rannan ya gayyace ni taro a wani otal, ina zaune sai ga hoton da na ɗauka da wayata a kan allo, Gwaggo da Mama Kaneng suna dariya. Oga ya tsaya cikin babbar riga yana cewa ƙungiyarsa ce ta gano waɗannan mata marasa galihu suna gaba da juna, ta sasanta su, ta koya musu takin gargajiya. Aka yi ta tafi, aka raba kaza da shinkafa. Ko taɓa nawa ban iya yi ba.

Da na same shi a ofis ko kunya bai ji ba. Ya ce ni yarinya ce ban san duniya ba, wai tallafi ya ragu saboda su ma masu bayarwan yaƙe-yaƙe sun dame su, kuma babu mai taimakon wanda ya riga ya iya da kansa. Mutumin nan shi ne fa yake tada jijiyar wuya a aji, yana ce mana mu daina kallon kanmu da idon baƙi, mu nemo mafita daga cikin mutanenmu. Wannan ya fi komai ba ni ƙyama.

Yanzu Turawan da ke ba ƙungiyarsa tallafi za su zo mako mai zuwa. Ya ce matan su ɗaura tsofaffin zannuwa su sa rigar ƙungiyarsa. Yana so Gwaggo ta ce musu a da ko ruwan Kirista ba ta sha. Mama Kaneng kuma ta ba da labarin ɗanta da aka kashe a rikici, ta yi kuka, ta ce sai bayan wani taron bita na Oga ta iya yafewa. Alhali Gwaggo ce ta ratsa gari lokacin ana ɗar-ɗar ta je ta zauna mata makoki. In an yi haka, wai za a gina musu ɗakin ajiya mai sanyi da sola.

Na faɗa musu komai ban ɓoye ba. Gwaggo ta ce ko za a gina mata bene ba za ta tsaya gaban baƙi ta ce ta taɓa ƙyamar Kaneng ba. Na ɗauka Mama Kaneng ma haka za ta ce, sai ta kalle ni ta ce, "Yarinya na, kukan yaro na ina yi kullum, ba wanda ya ba ni komai. Bari in yi sau ɗaya dankali na ya daina ruɓe." Gwaggo ta ce mata wannan sayar da gawar yaron ne, ita kuma ta ce ai atamfa ba ta ruɓewa shi ya sa Gwaggo ke da bakin magana. Ban taɓa ganin sun yi faɗa ba sai ranar. Tun daga nan mai Keke bai sake zuwa da kaya ba, Gwaggo sai ta zauna gaban keken ɗinki ta kasa taka shi.

Oga bai sa hannu a aikina ba, ya ce zai duba bayan baƙi sun tafi, kun dai gane. Kuma ni ya naɗa tafinta, duk abin da matan za su faɗa ta bakina zai bi.

In na fasa ƙwai, digirina ya tafi, ɗakin ajiya ya tafi, Mama Kaneng ba za ta yafe mini ba. In na yi shiru na juya ƙaryar zuwa Turanci, da wane ido zan koma in kalli Gwaggo? In kuma na ƙi zuwa, wani zai sa, a yi abin a bayana. Don Allah ku faɗa mini, in ku ne a tsaye tsakanin Mama Kaneng da Turawan, ta fara kuka suka juyo suna tambaya me ta ce, me za ku ce musu?