Ƙurajen Saiwar Gyaɗa

Bukan Sidi, Lafiya
14 ga Maris, 2004

Zuwa ga Baffa Wakili,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar tsohuwarmu Dada da ke taɓa ta jefi-jefi.

Baffa, wa ya gaya maka gonarmu ta Arikya ta mutu? Ka yi haƙuri, ka san bakina. Dada ta ce ka aiko a nemi mai saye, wai ƙasar ba ta da sauran amfani.

Ka tuna zamanin marigayi Baba? In an gama girbi shanunmu sukan yi wata biyu suna kwana a gonar, su shiga ta maƙwabcinmu Iorchia, shi kuma ya aiko mana da doya. Ruwan farko na sauka Baba zai damƙi ƙasa ya shinshina, ya ce tana numfashi, mu yi ta dariya. Kwanaki na tsinci wani tsohon littafin noma a kasuwa, na yi ta kokawa da Turancinsa. Ashe akwai ƙananan halittu a ƙasa da ido ba ya gani, su ke narkar da kashin shanu da karmami su zama abincin shuka. Ƙurajen nan na jikin saiwar gyaɗa ma gidansu ne, taki suke haɗa mata.

Waɗannan ƙurajen ka gani shekarar da ka zo ka ce cuta ce, ka sa aka banka wa gonar wuta, aka hana shanu shiga, sai takin zamani kaɗai. Kowace shekara haka, yau shekara huɗu. Iorchia bai ƙona tasa ba, kuma bara doyarsa sai da aka kira mota ta kwashe. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Ni dai ban ga inda take kuɗi ba.

Ka ba ni damina biyu in mayar da shanu, in shuka gyaɗa. Shi ke nan roƙona.

Ka gaishe da Goggo Bilkisu da Safiyullahi. In kuwa sayarwar ce dole, kada ka aiko da saƙo. Ka zo da Babbar Sallah, ka tsaya gaban Dada da dangi duka, ka faɗa da bakinka: ƙasar mutuwa ta yi, ko mu muka hana ta abinci?

Ɗanka,
Hizbullahi