Gurmin Baba Zai Zo Dubai

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya shigo.

Kamfaninmu na unguwar Al Quoz a nan Dubai ne ya kai lasifikoki wurin bikin kiɗan da ake yi duk lokacin sanyi, na masu rock da jazz da blues. Ina cikin jona wayoyi sai wani dattijo Ba'amurke ya fara gwada jitarsa. Na tsaya cak. Wallahi Yaya, blues ɗin nan tamkar Baba ne ke kaɗa gurminsa a zaure. Da na gaya masa, ya ce baɗi in zo da gurmin ya ji.

Na san ka ce kiɗa ya ƙare a gidanmu tun rasuwar Baba. Ka yi haƙuri, wannan karon ba zan bari ba. Ka naɗe gurmin cikin bargo ka ba masu kago su kawo mini ta jirgi. In tsirkiyar ta tsinke, ni zan gyara.

Ka gaida kowa, a sa ni a addu'a. In ka rasa inda gurmin yake, tambayi Inna. Ita ta ɓoye mini shi.

Ƙaninka,
Bashir