Garwashin da ya ƙi shiga ɗaki

Zuwa ga ɗana Buhari,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina aiki, ina ruwan Fatakwal? Ya maiɗakinka da jikokina? Mu nan Taloka lahiya lau, albasa ta yi, ruwan dam bai yanke muna ba.

Ɗan rishon gas da kat turo, wanda nike zuwa da shi fadama in dafa shayi, saura kaɗan ya kai mu lahira. Ran Jumma'a na aje shi tsohon ɗakin marigayiya kakarka. Da azahar sai ga wari kamar na mushe, da wani siririn huci, ba mutum, ba maciji.

Innarka tac ce, "Malam, mutanen ɓoye na. Hayaƙin tazargade za ni yi musu."

Nic ce, "Mi sunka ci miki?" Ba ta ko dube ni ba.

Sau ukku tana ɗebo garwashi jajir cikin kasko, sau ukku yana mutuwa murus kafin ta kai ƙofa, alhali ko ganye ba ya motsi. A na ukkun ta dire kaskon.

Sannan nit tuna gargaɗinka, cewa in na ji wari in duba ko gas na zuba. Na fiddo rishon waje, na shafa ruwan sabulu ga wuyan tukunyar gas ɗin, sai kumfa. Ashe robar da ke kai gas ta tsage, gas ya cika ɗaki. Da wutar nan ta shiga, da wani za ya rubuto maka takardar ga.

Ta roba kam na gane. Wanda yak kashe garwashin ne ban sani ba, kuma ban tambaya.

Ka turo sabuwar roba, ka sa mu addu'a. Innarka na gaishe ku, har yau ba ta yawan magana.

Ni ne mahaifinka,
Malam Garba