Kada ka riƙe wa Mbah kai

Mas Danu,

Na wuce tashar motar Semarang, ban so in tashe ka ba. Sai Lahadi zan dawo.

Na gano dalilin da ya sa likita ya ce hawan jinin idon kakanmu Mbah bai sauka ba. Jiya bayan sallar asuba na leƙa yana ɗiga magani a ido. Hannunsa na rawa, duk a kumatu yake zuba, sai ya goge da gefen zani ya ce ya shiga. Wata biyu ke nan, kuma ka san idon dama kaɗai ya rage masa.

Na ce in riƙe masa kai, ya harare ni. "Jikar da na goya ce za ta dafa mini kai? Abin da jami'ar ta koya miki ke nan?" Kunya ta kama ni, na ba shi haƙuri.

Sai yau da asuba na miƙa masa ɗan kofin robar da na sayo a kemis, wanda ake cusa kwalbar maganin a ciki. Ya kifa a ido, ya ɗaga kai da kansa, ya matsa. Ya zabura ya ce, "Au, ashe zafi gare shi!"

Bayan la'asar ka miƙa masa kofin, ka zauna ƙasa kusa da shi, kada ka tsaya a kansa. In bai yi maka mitar zafi ba, maganin bai shiga ba ke nan, lallaɓa shi ya sake.

Ƙanwarka,
Ningrum